Tofazzal da Tsatsar Ganyen Tut

A ƙauyenmu, Shimultala, can bayan Kaliachak, in baƙo ya tambayi gidan Tofazzal Shek sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma ya ce gidan Don-Me yake nema, ko ɗan yaye zai kama hannunsa ya kai shi har ƙofa. Ba zaluntarsa aka yi da sunan nan ba, da guminsa ya same shi. Mutum ne siriri mai dogon wuya, kullum kansa a karkace kamar yana sauraren wani abu daga nesa, kuma ba a gaya masa magana ya bar ta ta wuce bai juya bayanta ya duba ba.

Ba ɗan nan ba ne. An haife shi a wani ƙauye na bakin kogin Ganga, wanda yau sai dai a nuna maka tsakiyar ruwa a ce nan masallacinsu yake. Ubansa manomin shinkafa ne mai saurin hannu, kuma Tofazzal ya sha wannan hannu. Don me kogi yake cin wannan gaɓa ya je ya amayar a waccan? Don me kifi yake hawowa da damina? Wa ya gaya wa shinkafa lokacin fitar da kai? Malamin da ke koya musu karatu a masallaci ya taɓa rako shi gida da kansa, ya ce wa uban, "Ga ɗanka nan, ka ba shi amsa, ni tawa ta ƙare." Ranar da kogi ya cinye gonarsu gari ya ruɗe, mata na kuka, maza na kwance kwanon rufi suna lodawa a kwale-kwale, aka nemi Tofazzal aka rasa. Saurayi ne a lokacin, har gashin baki ya fara fito masa. Aka same shi kwance rub da ciki a bakin gaɓar da ke zaftarewa, yana leƙen yadda ƙasa ta jeru hawa-hawa, baƙa a sama, ja a tsakiya, yashi a ƙasa. Har uwarsa ta koma ga Allah ba ta daina ba da labarin nan ba, kuma ba da dariya take ba da shi ba.

Yunwa ta koro shi nan, ya shiga gadin gonakin mangwaro. Tsoho Kalimuddin, wanda duk ƙauye aka gaji da labaransa, ya sami abin da ya daɗe yana nema, wato mutumin da in an gama ba shi labari zai ce, "Daga nan kuma sai me ya faru?" Kafin mangwaro ya sake nuna sau biyu ya ba shi 'yarsa Sabiran, wadda aka ce ita ma ta daɗe tana leƙen mai gadin ta shinge, ya haɗa masa da wata doguwar gonar tut a bayan jingar kogi. Tut shi ne icen da tsutsar alharini ba ta cin ganyen komai sai nasa. A nan ba ma barinsa ya zama bishiya. Sara ake yi masa har ƙasa, ya tofo, a ciyar da ganyen, a sake sarewa.

Zama da Tofazzal akwai riba akwai hasara. Shi ya gano cewa gindin wata bishiya ne ya fasa rijiyar unguwa, bayan an shekara ana zargin aljanu. Shi kuma ya kwance rediyon surukinsa don ya ga inda maganar take kwana, ya mayar, aka sami ragowar ƙusoshi a tafin hannunsa, rediyo bai sake cewa uffan ba. In an ga yana tahowa mai keke yakan riƙe kekensa da kyau. Amma ba wanda ya taɓa ƙinsa, don ba ya tambaya don ya kunyata kowa. So yake ya sani kawai, yadda wani ke son gishiri a miya.

Aikin alharini a wurinmu rabe yake tun kaka da kakanni. Ganye na namiji ne, tsutsa ta mace. Namiji ya sare, ya yi noma, ya yanko ganye ya ɗauko a ka. Mace ta karɓa a bakin ƙofar ɗakin tsutsa, ta rufe. Ɗakin nan ya fi ɗakin amarya doka. Ba a shiga da takalmi, ba a ɗaga murya, ba a soya barkono in iska na kaɗawa ta can. Mai shan taba kuwa ko inuwarsa ba a so, don warin taba kashe tsutsa yake yi, Tofazzal kuma tun yana gadin mangwaro karan bidi, 'yar tabar nan da ake naɗewa a ganye, ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Saboda haka mutumin da ya leƙa rijiyar kowa, ya san abin da ke cikin injin ban-ruwa da agogon masallaci, ya yi kusan shekara talatin bai sa ƙafa a wani ɗaki na gidansa ba. Ya taɓa gwadawa farkon aure. Sabiran ta kalli ƙafar, ta kalli fuskarsa, ya mai da ƙafar inda ya ɗauko ta.

Ita Sabiran ranar rabon surutu ba ta je ba, mijin ya karɓe har nata. Da tsutsa take hira. Daga tsakar gida take jin yadda suke cin ganye, wata ƙara mai kama da yayyafi a kan kwano, ta gane ko sun ƙoshi ko wani abu na damunsu. Masu sayen ƙwanson alharini, wato gidan zaren da tsutsa ke saƙa wa kanta, sun san nata, ba sa matsa shi sau biyu. Tambaya ɗaya take yi wa mijinta duk lokacin kiwo, kafin ta karɓo ƙwan tsutsa: "Baban Moyna, ganyen faifai nawa?" Ya faɗa, ta karɓo daidai abin da ya faɗa, ta jera manyan faya-fayan gora a kan katakai. Ba ta taɓa zuwa duba gonar ba, shi kuma bai taɓa faɗa mata abin da babu ba. In ganye ya gaza ana tsakiyar kiwo, ba a ce wa tsutsa ta yi haƙuri zuwa gobe. A kan tambayar nan da amsarta gidan yake tsaye. Da ita aka sa kwano a rufi, da ita aka aurar da 'yarsu Moyna.

Sai maganar tsatsa. In damina ta ɗauke, sanyi ya fara shigowa, hazo mai jiƙa ya riƙa tasowa daga kogi da asuba, sai ka juya bayan ganye ka ga ɗige-ɗige ƙanana kamar kan allura, masu ruwan ƙasa. Ka shafa, wani gari ya biyo yatsanka, irin na tsohon kwanon rufi. Kafin ka ankara ganyen ya yi rawaya, ya bushe, ya zube. Tsutsar da aka ciyar da irinsa ba ta saƙa abin kirki. Abin takaici kuma daidai kiwon watan Aghrahan na farkon sanyi take zuwa, kiwon da ya fi kowanne kyau a shekara, wanda kowa ke ɗora burinsa a kai.

A rumfar shayin Haripada ake yanke hukuncin komai a ƙauyen nan, har da tsatsa.

"Hazo ne," in ji Haripada, yana fifita gawayi. "Numfashin kogi ne. Kakana ma haka ya ce."

"Kakanka ya taɓa noma tut?" in ji Tofazzal.

"Bai taɓa ba, amma yana da hanci."

"To in hazo ne, don me take farawa daga ganyen gindi? Ai hazo ta sama yake sauka."

Ekramul, ƙanin Sabiran, wanda tsokanar mijin yayarsa ta zame masa sana'a ta biyu, yana kiransa Dulabhai kamar yadda ake kiran mijin yaya a nan, ya ajiye ɗan kofinsa na yumɓu. "Dulabhai, don Allah ka bar mu mu sha shayi da zafinsa. Tsufa ne. Ganye ya tsufa ya yi tabo, kai ma shafa goshinka ka ji."

Aka kwashe da dariya. Tofazzal bai yi ba.

"In tsufa ne, don me tsohon ganye ba ya yin tsatsa da bazara? Akwai wani tushe a jikin shingena, lauje ya tsallake shi. Duk zafin watan Boishakh a kansa ya ƙare, ganyensa ya yi kauri kamar fata, ko ɗigo babu. Shi ɗin nan dai, da sanyi ya zo, ya riga kowa kamuwa."

"To je ka tambaye shi," in ji Ekramul. "Wataƙila shi zai iya da kai, mu dai mun gaza."

Abin da ya hana a raba gardamar nan shi ne mu duka mako ɗaya muke sara. Da ruwa ya ja baya wani ya fito da lauje, kowa ya fito, don ba mai son a ce gonarsa ta yi saura. Gonakin ƙauye gaba ɗaya sa'annin juna ne, tare suke tofowa, tare suke tsufa, tare hazo ke samunsu. Mai cewa hazo ne yana da gaskiya a idonsa, mai cewa tsufa ne ma haka. Kowa ya riƙe tasa ya ci gaba da harkarsa, ban da mutum ɗaya. Shekara biyu Tofazzal yana juya maganar nan, har a sallah takan zo masa ya rasa raka'a ta nawa yake.

A shekara ta uku ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Tun ana ruwa, wata guda kafin kowa, ya je ya sare layukan da ke kusa da jinga. Da lokacin sara ya yi, ya sare na tsakiya tare da jama'a. Na can ƙarshe wajen shinge ya ƙyale su, sai da kowa ya rataye laujensa da daɗewa sannan ya taɓa su. Gona ɗaya, ƙasa ɗaya, hazo ɗaya zai sauka a kansu, amma ga tsoho, ga matashi, ga jariri. In tsatsa ta zo dole ta nuna wanda ta zo nema. Ni dai ban ga laifin dabarar ba, dabara ce mai kyau ga wanda ba shi da tsutsa a gida.

Ranar da Sabiran ta tsaya a bakin ƙofa ta yi tambayarta, yana wanke ƙafa a gindin famfo. Bai ɗago ba.

"Kamar kullum," ya ce.

A ransa ya yi wa kansa fatawa: tushen nan dai su ne, ko ɗaya bai ragu ba, ganye kuwa ganye ne. Sabiran ta karɓo ƙwai kamar kullum.

Shekarar nan hazo bai jira lokacinsa ba. Aka yi wasu kwanaki na lumshi da yayyafi bayan kowa ya ce damina ta tafi, daga nan sanyi ya sauko a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Raɓa ba ta barin ganye sai hantsi ya yi sosai. Tofazzal ya daina tsayawa shayi. Daga masallaci sai gona, zaninsa a naɗe a gwiwa, yana bin layi a tsugune yana juya ganye ɗaya-ɗaya kamar mai duba wa yaro kwarkwata.

Tsatsa ta zo, kuma a tsare ta zo. Layukan jinga, tsofaffin, su ta fara kamawa, daga ganyen gindi, tana hawa reshe a hankali. Na tsakiya suka yi kwanaki lafiya lau, sannan ɗigon ya fara bayyana a gindinsu, ya fi yawa a layin da ke maƙwabtaka da tsofaffin, ta inda iskar kogi ke bi. Na shinge kuwa, masu ɗanyen ganye, raɓa na kwana a kansu kamar kowa, amma ko tabo. Ranar da ya tabbatar, ya hau jinga ya dubi gonarsa: ja-ja a nan, kore mai dishi-dishi a tsakiya, kore shar a can. Farin ciki ya kama shi, na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifi Moyna. Shi kaɗai yake dariya. Ganye na zuba a gabansa, amma ba shi yake gani ba.

A nan Ekramul ya same shi, yana tura kekensa a kan jinga.

"Dulabhai, wane wanzami ne ya yi wa gonar nan aski? A nemo shi a karɓe askar."

"Zo ka gani! Sauko, sauko ka juya ganyen nan da hannunka."

Ekramul bai sauko ba. Ya dubi layukan jinga, ya dubi na shinge, dariyar ta bar fuskarsa. "Yayata ta san da wannan?"

"Gona ai ta namiji ce."

"Haka ne. Tsutsarta kuma sun shiga barci na uku jiya, babban cinsu ya kusa, matata ta gaya min."

"Zai isa."

"Allah ya sa," in ji Ekramul, ya hau kekensa.

Da rana da ya koma gida Sabiran ta kawo masa shinkafa da miyar ƙananan kifi, ta zauna gefe tana tsince ganye. Ta lura yana 'yar waƙa a maƙogwaro tsakanin loma da loma.

"Yau kuma me aka kwance?" ta ce.

Maganar ta zo masa har baki. Ba abin da yake so a duniya irin ya faɗa wa wani abin da ya gani, ga ta kuma a gabansa ta tambaya. Amma in ya faɗi amsar dole ya faɗi yadda aka samo ta. Ya haɗiye ta tare da shinkafar.

"Miyar ce ta yi daɗi," ya ce.

Tsutsar alharini barci huɗu take yi tsakanin ƙyanƙyasa da saƙa. Tana ƙarama ɗanyen toho take ci, ɗan kaɗan, a yanyanka mata. In ta farka daga barci na huɗu kuwa sai ta zama wata halitta dabam. Mako guda ba ta san komai ba sai ci, kuma abin da za ta ci a makon nan ya ninka duk abin da ta ci a baya sau da yawa. Ganyen da take so a lokacin shi ne wanda ya ƙosa bai tsufa ba.

Da farko layukan tsakiya suka riƙe gida. Da Tofazzal ya ga sun fara yin fili, ya soma cusa na jinga a ƙasan kwando yana rufewa da mai kyau. Kwandon bai daɗe a ciki ba ƙofa ta buɗe, aka turo rabinsa waje. Ya koma ya yanko na shinge, kore shar, yana sheƙi. Sabiran ta murza ɗaya a yatsa.

"Wannan na jarirai ne. In na ba manya, ruwa zai cika musu ciki, su kumbura su fashe. Ina ganyena?"

"Yana zuwa."

Ya bi gidaje. Kowa hazon ya taɓa shi, kowa ganyensa a ƙididdige yake da bakunan da ke jira a ɗaki. Wani ya ba shi haƙuri, wani ya ce, "Don-Me, yau kai ake tambaya, don me?" Ekramul ya yanko dami guda daga rabon tsutsar matarsa, ya ɗora masa a ka, yau ko tsokana babu. Wannan ya fi duk tsokanarsa ciwo. Damin bai kai la'asar ba.

Washegari da hantsi Sabiran ta fito, ta ja gefen sarinta ta rufe kai, ta ce, "Mu je." Mata suka riƙa leƙowa ta shinge, don rabon da a ga 'yar Kalimuddin a hanyar jinga tun tana budurwa. Ta shiga gonar ta bi ta layi-layi. Ba ta tsuguna ba, hannu kawai take miƙawa ta shafa reshe daga ƙasa zuwa sama. Busassun ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafarta. Ta kai shinge, ta dawo, ta tsaya a tsakiya ta daɗe tana aunawa da ido.

"Rabi," ta ce.

"In aka ɗan haɗa da na..."

"Rabi."

Abin da take nufi duk mai kiwo ya sani, kuma ba mai son faɗinsa. In aka raba ɗan ganyen ga duka, duka za su tashi da yunwa, su saƙa ƙwanso sakwaf wanda ba zaren kirki a jikinsa, a yi biyu babu. Sai dai a zaɓi rabi a ciyar da su su ƙoshi, rabin a kai kududdufi tun da ransu. Uwar Sabiran ta taɓa yi shekarar wata ambaliya. Sabiran ba ta taɓa yi ba, kuma mata sun san ta da wannan.

Da suka dawo ta shiga ɗakin ta daɗe. Tofazzal ya zauna a dakali, ya zaro bidi daga bayan kunne, ya kasa kunnawa. Can ƙofa ta buɗe, wannan karon gaba ɗaya. Ta jera waɗanda ta ware a kusa da ƙofa, ta rataya tabarma tsakaninsu da sauran.

"Shigo."

Ya dubi bidin da ke hannunsa. "Warin taba fa?"

"Waɗannan ba abin da warin taba zai rage musu. Shigo ka ɗauka."

Ɗakin da ya yi shekaru yana ƙiyasta shi a ransa ashe ɗan ƙarami ne, mai duhu da sanyi, yana ƙanshin ɗanyen ganye. A faifan da ke gabansa tsutsotsi ne farare ƙosassu, kowace ta kai yatsa, sun cinye har jijiyar ganye. Sun ɗaga kawunansu sama suna kaɗawa hagu da dama. Bakinsa ya motsa zai tambayi dalili, sai ya gane da kansa. Daga sama abinci ya saba zo musu, hannun Sabiran suke nema.

Ya ɗauki faifan a ka, bai zaci nauyinsa ya kai haka ba. Sabiran na biye da shi har kududdufin bayan gida. Agwagin maƙwabta suka hango su, suka yo iyo. A bakin ruwa ya sauke faifan zuwa ƙirji, zai karkata.

"Tsaya," in ji Sabiran. "Ekramul ya ce wai wani abu ka je nema a gonar. Ka same shi?"

"Na samu."

"To gaya musu. Su suka biya."

Ya dube ta ko ba'a take yi. Ba ba'a ba ce. Ya mai da ido ga faifan, ya faɗa.

"Ba hazo kaɗai ba ne, raɓa ta kwana a kan ɗanyen ganye bai kamu ba. Ba tsufa kaɗai ba ne, tsohon ganye ya ga bazara lafiya. Sai sun haɗu. In ganye ya haura wata ɗaya da rabi, ga sanyi, ga laima tana kwana a kansa, sai ta shiga daga gindi. Yana ƙara kwana tana ƙara ƙarfi. In ya kusa wata uku ba abin da za a ɗauka. Kuma tsoho yana shafa wa na kusa da shi."

Sabiran ta saurara har ƙarshe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Da sanyi ganye ba ya ganin jinjirin wata uku. Haka uwata take cewa, tun ina 'yar mitsitsiya ina tsince mata. Duk kwandon da ka kawo ni ke juya bayansa ɗaya-ɗaya. Na san na gindi, na san na sama, na san wanda ya kwana a raɓa, na san shekarar da kuka yi gaggawar sara. Ba macen da ke da ɗakin tsutsa a garin nan da ba ta san wannan ba."

Tofazzal ya juyo gare ta. "Don me ba ki taɓa gaya min ba?"

"Ka tambayi mai shayi, ka tambayi liman, ka tambayi masu kwale-kwale. Ni kuma kullum kana tsaye a ƙofata da kwando, safe da rana da yamma. Zuba, Baban Moyna, hannunka zai gaji. Akwai saura."

Ya karkata faifan. Wasu suka zube lokaci ɗaya, wasu suka maƙale a saƙar gora sai da ya sa hannu ya ɓamɓare su, masu laushi, masu sanyi, suna kama masa yatsu. Agwagi suka yi musu ca. Ya koma ya ɗauko wani, ya sake komawa, ita kuwa tana tsaye wuri ɗaya, ba ta kau da kai ba ko sau ɗaya. Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Kunya da baƙin ciki suka cika Tofazzal, har ya ji da ma kududdufin zai karɓe shi tare da su.

Da ya zubar da na ƙarshe ya ɗauraye faifan, ya jingine shi a bishiya. Ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Maman Moyna, me kuma uwarki take cewa?"

Ta dubi ruwan da ya lafa.

"Ba yau ba," ta ce. "Yau je ka yanko wa waɗanda suka rage. Na tsakiya, kuma ka juya bayan kowane ganye."